ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: TARIHIN ƘAWANCEN 'YAN AJI ƊAYA

 A wannan karon ina so ne mu ɗan waiwaya baya, mu dubi tarihin wani zumunci wanda ba na jini ba kuma ba na auratayya ba, wato zumuncin da ke tsakanin waɗanda suka zauna aji ɗaya a makarantar sakandare. Dalili kuwa shi ne, idan kika lura da kyau za ki ga kusan duk mutanen da ke kewaye da 'ya mace ba ita ce ta zaɓe su ba. Iyaye da dangi gadonsu ta yi, dangin miji aure ne ya ba ta su, kishiya kawo mata ita aka yi, maƙwabta kuwa inda maigida ya kama haya ko ya yi gini nan ta tarar da su. Amma ƙawar makaranta, ita da kanta ta duba cikin taron 'yammata ta ce wannan ce tawa. To yaya aka yi wannan zumunci ya faro a ƙasarmu, me ya riƙa tsinka shi, kuma me ya riƙe shi a wurin waɗanda nasu ya kai shekara 30 ko 40 bayan an bar makaranta?

KAFIN ZUWAN BOKO

Da farko dai ya kamata mu sani ƙawance ba boko ne ya kawo mana shi ba. Tun kaka da kakanni 'yammatan Hausawa suna ƙulla ƙawance a dandali, ko a wajen talla, ko a makarantar allo, kuma abu ne mai ƙa'idojinsa. Akwai wata dattijuwa da ake kira Baba, mutuniyar Karo, wadda wata Baturiya mai suna Mary Smith ta zauna da ita tsakanin 1949 da 1950, ta rubuta labarin rayuwarta daga bakinta, aka buga shi da Turanci a 1954. A ciki ta bayyana yadda mata suke ƙulla ƙawance da musayar kyauta, da yadda babbar yarinya take ɗaukar ƙarama ta zama ƙanwar ranarta, ita kuma ta zama yayarta. Ƙawa ita ce a gaba ranar aure, ita ce a gaba ranar suna. Gudummawar da kika kai mata ranar bikinta ba ta ɓata ba, tana nan a rubuce a zuci, ran naki bikin za ta mayar miki har da ƙari. Sai dai galibi irin wannan ƙawance na 'yan gari ɗaya ne, ko na ƙauyukan da ke kusa da juna, inda mace za ta yafa mayafinta bayan magariba ta je ta dawo.

Ta fannin ilmi kuwa muna da misali babba a wurin Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ita ce ta kafa tsarin nan na 'Yan Taru. Takan zaɓi dattijuwa mai hankali daga wani gari ta naɗa ta jaji, ta ba ta malfa alamar shugabanci. Jajin nan ita za ta tattaro tsofaffi da ƙananan 'yammata su tako har wurin Nana, su ɗauki karatu cikin waƙoƙin wa'azi, su koma su koya wa matan auren da ba su da halin fitowa. Bayan rasuwarta ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙe abin. Kin ga ke nan tun a wancan zamani neman ilmi ya haɗa matan da ba garinsu ɗaya ba, kuma babu gidan waya babu tarho, ƙafa ce kawai ta riƙe zumuncin.

MAZA SUN RIGA MU

Da Turawa suka kawo boko Arewa, maza aka fara buɗe wa. A 1921 aka kafa Kwalejin Katsina, inda aka riƙa tattaro yara maza daga lardunan Arewa. A 1938 aka mayar da ita Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, a 1971 kuma aka raɗa mata sunan da muka san ta da shi, wato Kwalejin Barewa. Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa sun yi zamani ɗaya a Katsina. Abubakar Imam, editan farko na jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo da ta fara fitowa a 1939, shi ma can ya yi. Haka Malam Aminu Kano da Shehu Shagari sun yi ta lokacin tana Kaduna, su Yakubu Gowon da Murtala Muhammed da Umaru Musa 'Yar'aduwa kuma tana Zariya.

Abin lura a nan shi ne, tun wajejen 1939 tsofaffin ɗaliban kwalejin nan suka kafa ƙungiyarsu. Kowane ɗalibi yana da lambar da aka ba shi ranar da ya shiga, lambar nan kuwa tana bin sa har kabari, da ita ake gane babba da ƙarami ko da ƙaramin ya zama shugaban ƙasa. Namiji sunansa ba ya canzawa, ba ya neman izinin kowa kafin ya fita, kuma yana da ofis inda wasiƙa za ta same shi. Saboda haka zumuncinsu bai sha wata wahala ba, ya ma zame musu tsani. Da aka zo kafa jam'iyyun siyasa da gwamnatin Jihar Arewa, da yawa daga cikin waɗanda suka zauna kujerun sun san juna tun suna sanye da gajeren wando. Wannan ya taimaki wancan, wancan ya jawo wannan.

ZUWAN MAKARANTUN MATA

Mu kuwa mata sai a 1930 aka buɗe makarantun farko na 'yammata a Kano da Katsina, zamanin Sarki Abdullahi Bayero da Sarki Muhammadu Dikko, kuma akasarin ɗaliban 'ya'yan fada ne da na ma'aikatan En'e, don talakawa gudun abin suke yi. A 1939 aka buɗe cibiyar horar da malamai mata a Sakkwato. 'Yan mishan ma sun buɗe nasu, kamar Sen Luwis ta Kano, da wadda ke Kakuri a Kaduna, wadda bayan gwamnati ta karɓe ta aka sa mata sunan Sarauniya Amina. Ita ce makarantar da marigayiya Maryam Babangida ta yi.

Babban canji ya zo ne a 1956, shekarar da Sarauniyar Ingila ta ziyarci Nijeriya, lokacin da aka buɗe makarantar sakandaren 'yammata ta Sarauniya Elizabeth a Ilori, don 'yammatan da suka fi ƙoƙari daga duk lardunan Arewa. Ki auna da tunaninki, yarinya 'yar shekara 12 ko 13, wadda ba ta taɓa wuce kasuwar garinsu ba, an ɗora mata akwatin ƙarfe an sa ta a jirgin ƙasa daga Kano, ta bi ta Zariya, Kaduna, Minna, ta ƙetare Kwara a Jebba, ta sauka garin da ko yarensu ba ta ji. A can za ta tarar da Babarbariya da Banufiya da Bayarabiya da 'yar Tibi da Bafillatana, Musulmi da Kirista, duk a ɗaki ɗaya. Marubuciya Zaynab Alkali ta yi makarantar nan, haka Mai Shari'a Fati Lami Abubakar, da Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa wadda a 2014 ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Nijeriya. A Kano kuma ga makarantar 'yammata ta Dala, wadda ta yaye irin su marigayiya Hajiya Bilkisu Yusuf, fitacciyar editar jarida, wadda Allah ya yi wa rasuwa a Mina lokacin aikin Hajjin 2015. A shekarun 1970 Gwamnatin Tarayya ta ƙara buɗe nata kwalejojin 'yammata a garuruwa irin su Bakori, Kazaure, Gusau, Bida da Bauchi. Bayan shirin ilmin firamare kyauta na 1976 kuma sai makarantu suka yawaita, har da na je-ka-ka-dawo.

To me ya sa ƙawancen makarantar kwana yake da danƙo haka? Duk wadda ta yi ta san amsa. Shekara 5 ko 6 kuna tashi da ƙararrawa ɗaya, kuna bin layin famfo ɗaya da bokiti, kuna cin gabza da miyar da ba ta ga nama ba. Idan wata ya yi nisa ba a zo bizitin ba, wadda ke da sauran garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji ita ce ke ciyar da 'yan kwanarsu. Zazzaɓi ya kama ki cikin dare, babu uwa a kusa, 'yar gadon sama ce za ta jiƙa tawul ta goga miki, gari ya waye ta raka ki ɗakin shan magani. Siniya ta sa ki gwale-gwale, ita ce za ta ɓoye miki abincinki. Tsohuwar al'adar nan ta yaya da ƙanwar rana ma ta biyo mu har cikin makaranta, babba ta ɗauki ƙarama ta riƙa kare ta, ita kuma tana yi mata 'yan aikace-aikace. Wadda ta gan ki a irin wannan hali, ba kwalliya ba gwal, ta san ki sanin da ko mijinki bai yi miki ba.

ABIN DA YA RIƘA TSINKA IGIYAR

Ranar da aka yi kandi akan yi koke-koke, a yi musayar hotuna, kowa ta rubuta wa 'yar uwarta adireshi a bayan littafi, ana rantse-rantsen ba za a manta da juna ba. Amma kafin shekara 5 sai ki ga an watse kamar an jefa dutse cikin garken kaji. Ba wai butulci ba ne, akwai dalilai.

Na farko aure. Wasu ma ba su kai ga kandin ba, an tafi hutu ne kawai aka dawo aka ga gadon wance babu katifa, aka ce ai an ɗaura. Marubuciyarmu Hajiya Balaraba Ramat Yakubu ita kanta tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, sai daga baya ta nemi ilmi da ƙoƙarinta, kuma littafinta Wa Zai Auri Jahila? da ya fito a 1990 a kan wannan matsala yake. Irin waɗannan da aka cire a tsakiyar karatu su ne suka fi saurin ɓacewa, don ko hoton 'yan ajin ƙarshe babu su a ciki.

Na biyu suna. A rajistar makaranta sau da yawa sunan yarinya da na garinsu ake haɗawa, ko nata da na mahaifinta. Da ta shiga gidan miji sai ta zama Amarya, in an kwana biyu ta zama Uwargida ko Maman wane, in ta sauke farali ta zama Hajiya, in 'yar aiki ce ta zama Misis wane. Sai ki zo har unguwarsu kina cigiya da sunanta na makaranta, yaran da ke wasa a ƙofar gidan su ce ba su san mai wannan suna ba, alhali kuwa uwarsu kike nema.

Na uku, mace ba ta da adireshin kanta. A ƙasarmu ba a cika kai wasiƙa gida-gida ba, sai ta akwatin gidan waya, akwatin kuwa na ofishin maigida ne ko na wani ɗan uwansa. Wasiƙarki sai ta bi ta hannunsa, in ya ga dama ya kawo, in ya manta ta kwana wata 3 a aljihun babbar riga. In kuwa aka yi masa canjin wurin aiki, ko auren ya mutu, shi ke nan adireshi ya mutu tare da shi.

Na huɗu shi ne abin da ya sami ƙasar kanta. Rikicin 1966 da yaƙin basasar da ya biyo baya daga 1967 zuwa 1970 sun raba 'yan aji ɗaya da yawa, musamman a makarantun Kano da Kaduna da Zariya da Jos, inda 'yammatan Ibo suka bi iyayensu Gabas, wasu har yau ba a sake jin ɗuriyarsu ba. A 1967 aka raba Jihar Arewa gida 6, ma'aikatan da ke Kaduna kowa aka ce ya nufi jiharsa, matansu suka naɗe kaya suka bi su. Aka sake yanka jihohi a 1976, aka cire Katsina daga Kaduna a 1987, aka fitar da Jigawa da Kebbi da Yobe a 1991, shekarar da gwamnati ta tare a Abuja, sannan Zamfara da Gombe a 1996. Duk lokacin da aka yanka sabuwar jiha, maza suna murnar samun muƙami, mata kuwa suna sallama da ƙawayensu.

YADDA IYAYENMU SUKA YI DABARA

Duk da haka akwai waɗanda ba su bari igiyar ta tsinke ba, kuma su ne abin koyi. Wata za ta sayi takarda da ambulan da kan sarki daga kuɗin cefanen da ta tsimi, ta rubuta wasiƙa ta ba ɗan aike ya jefa. Wata direban motar haya take ba, ko 'yar uwar da za ta je biki garin. Wata kuwa kaset za ta saka a rikoda ta rufe ƙofa ta zazzage duk labarin da ke cikinta, har da kukan jaririn da ta haifa, ta ba matafiyi ya kai. Gidan Rediyon Kaduna da ya fara aiki a 1962 shi ma ya taimaka ƙwarai ta shirin Zaɓi Sonka, domin mace tana tsakar gida tana tankaɗe sai ta ji an ambaci sunanta na makaranta, wance daga gari kaza tana gaishe ta, daga nan ta san ƙawarta tana raye kuma ga garin da take. Wasu kuma Allah ne kawai yake haɗa su, a layin awon ciki, ko a sansanin alhazai, ko a gidan rasuwa, ki ga manyan mata sun rungume juna suna kuka suna dariya, 'ya'yansu sun saki baki suna kallo.

Tarho kuwa a wancan lokaci sai gidan wane da wane. Ko bayan da aka kafa NITEL a 1985, har zuwa shekarar 2000 layukan tarho da ke aiki a duk faɗin Nijeriya ba su kai rabin miliyan ba, a ƙasar da mutanenta sun haura miliyan 100. Mai son magana da ƙawarta sai ta roƙi maƙwabta masu tarho, a sa rana a sa lokaci, a aiko yaro ya kira ta.

A hankali mata ma suka fara haɗa kai a ƙungiyance. An kafa Jam'iyyar Matan Arewa a 1963, aka kafa tarayyar ƙungiyoyin mata Musulmi ta FOMWAN a Minna a 1985, Maryam Babangida kuma ta fito da shirinta na kyautata rayuwar matan karkara a 1987. Irin matan da makarantun nan suka yaye su ne suka riƙe alƙalamin waɗannan ƙungiyoyi, kuma a wajen tarurrukansu tsofaffin ƙawaye da dama suka sake gamuwa. Manyan makarantun mata suma suka kafa ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, sai dai galibi 'yan aiki mazauna birni ne suke halarta. Matar da ke cikin kulle a ƙauye ko labarin taron ba ya isa gare ta.

ZAMANIN WAYAR HANNU

A watan Agusta na 2001, zamanin mulkin Obasanjo, wayar hannu ta fara yaɗuwa a Nijeriya. Da farko ita ma ta masu kuɗi ce, amma kafin shekara 10 ta shiga ɗakunan mata da yawa. A karo na farko a tarihi 'ya mace ta sami adireshin da yake nata na kanta, wanda ba ya canzawa don an yi wa miji canjin aiki, ba ya mutuwa don aure ya mutu. Sannan ga Facebook da aka ƙirƙiro a 2004 da WhatsApp a 2009. Sai cigiya ta yi sauƙi, wannan ta ba da lambar waccan, waccan ta san inda wance take aure, cikin 'yan makonni a tattaro 'yan ajin da suka shekara 25 ba su ji muryar juna ba. A nan ne kuma ake jin labarin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya tun tuni ba a sani ba, Allah ya jiƙansu.

Alhamdu lillahi an ga alherin abin. 'Yan aji suna yin adashi, suna haɗa kuɗin asibiti in ciwo ya kwantar da ɗaya daga cikinsu, suna biya wa marayun 'yar uwarsu kuɗin makaranta. Wadda ta zama likita ko nas tana duba 'yan ajinsu, wadda ta zama lauya tana ba bazawarar da aka hana gadon 'ya'yanta shawara, wadda ke ofis tana nema wa ɗan ƙawarta gurbin karatu. Abin da maza suka fara yi wa junansu tun 1939, ga shi mu ma mun samu.

Amma fa 'yar uwa mu faɗa wa kanmu gaskiya, sauƙin nan ya zo da tasa cutar. An tashi taron shekara sai a fitar da anko mai tsada, a kama babban ɗakin taro, a yanka kuɗin da mai sayar da ƙosai ba za ta iya biya ba. Ita kuwa kunya ba za ta bar ta ta ce ba ta da shi ba, sai ta ce maigida ne bai ba ta izini ba. A wajen taron masu mota su ware gefe guda, hira ta koma ta Dubai da Umara da makarantar da 'ya'ya suke a ƙasar waje. Wadda Allah bai ba haihuwa ba, da wadda ta fito daga gidan miji na uku, su zauna shiru kamar baƙi. Wata ma sirrin da ta faɗa don a taya ta da addu'a, kafin ta isa gida ya zaga gari. Wadda aka cire a aji 3 kuwa, da wadda ba ta da babbar waya, ba a ma tuna da su. In an yi haka, an tara lambobin waya ne kawai, zumuncin yana can inda aka baro shi. Iyayenmu da suke jiran wasiƙa wata 3 sun fi mu riƙon amana, don su abin ya ci musu kuɗi da wahala, shi ya sa suka san darajarsa.

Akwai kuma wani abin da ya kamata ya tayar mana da hankali, wato halin da makarantun kwanan da suka haɗa mu suka shiga. A watan Afrilu na 2014 aka sace 'yammata 276 a makarantar Chibok, a Fabrairun 2018 aka kwashi 110 a Dapchi, a Fabrairun 2021 kuma 279 a Jangebe ta Jihar Zamfara. Bayan waɗannan abubuwa gwamnatocin wasu jihohi sun rufe makarantun kwana na wani lokaci, iyaye da yawa kuma suka ji tsoron tura 'ya'yansu mata nesa da gida, kuma ba a ga laifinsu ba. To idan ɗakunan kwanan nan suka zama kufai, ina 'ya'yanmu za su samu irin ƙawayen da muka samu? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tsofaffin ɗalibai su ne suka fi kowa sanin inda katanga ta faɗi da inda rijiya ta ƙafe, kuma a cikinsu akwai matan manya da manyan ma'aikata waɗanda in sun yi magana za a ji. Kuɗin anko na shekara guda zai iya gyara famfo ko ya sayi katifu.

SHAWARA

Ke budurwa da kike makaranta yanzu, ki zaɓi ƙawa don halinta, kada ki duba abin da ake kawo mata ranar bizitin. Kafin ku rabu ki san gidansu, ki gaida mahaifiyarta, ki san sunan mahaifinta da unguwarsu, domin waya takan ɓace, layi yakan rufe, amma gidan iyaye yana nan. Ke kuma amarya, tun da wuri ki gabatar wa maigida da ƙawayenki na kirki, ya san su ya san mazajensu, don kada ranar da za ki nemi izinin zuwa dubiya ya ce wace ce kuma wance. Sirrin ɗakinki kuma ki san wadda za ki faɗa wa, ba duk 'yar aji ce aminiya ba.

Ke uwargida da kika shekara 20 ko 30 da barin makaranta, ki zauna yau ki lissafa 'yan ajinku, ki ga wace ce ba a jin motsinta. Ita za ki fara nema. Mai hali ba ta rasa masu nemanta, wadda ta yi shiru ita ce mai yiwuwa take cikin wani hali. In kin same ta kada ki tsaya a gaisuwar waya, ki nemi izini ki taka ki je, ko da sabulu biyu ne a jakarki, ki zauna a tabarmarta ki sha ruwan randarta, ki kira ta da sunan nan da kuke kiranta a aji, wanda wataƙila ta yi shekaru ba ta ji wani ya kira ta da shi ba. Malamai sun gaya mana cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bayan rasuwar Nana Khadija in ya yanka dabba yakan aika wa ƙawayenta da nama. In har ƙawayen matar da ta rasu suna da wannan matsayi, ina ga taki ƙawar da take raye, wadda kuka ci kwano ɗaya? Da tsohuwar zuma ake magani.

Allah ya bar mu da masoyanmu na gaskiya, ya jiƙan 'yan ajinmu da malamanmu da suka riga mu, ya tsare mana 'ya'yanmu a makarantunsu, ya ba mu ikon riƙe zumunci har ƙarshen rayuwarmu, amin summa amin.